Ƙwallon Furfura

Zongo, Kwatano
Watan Mayu

Zuwa ga Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki Malam Ɗahiru da 'ya'yana Labiba da Zahida. Yaya zafin Malanville? Mu nan jiki lafiya lau, Inna tana gaishe ki.

Kada ki yi mamakin ganin takarda a hannun Nouhou direban shanu maimakon ki ji muryata a waya. Kin san gidanmu, in ka yi tari a ɗaki ɗaya sai a yi maka sannu daga ɗaki uku, kuma maganar nan ba na so ta faɗa kunnen Baba.

Kin san teburin biliyar ɗinsa da ke rumfar ƙofar gida. Kin girma kina jin ƙarar ƙwallayensa, amma kullum sai dai ki wuce kina tsaki, don haka bari in yi miki bayani. Kowane ɗan wasa yana da nasa ƙwallaye da zai zura a ramuka ta hanyar buga farin ƙwallo da sanda, wanda ya gama nasa ya jefa baƙin ƙwallon shi ya ci. Tun kafin a haife ni Baba ya kafa doka a teburinsa: duk wanda aka cinye bai jefa ko ƙwallo ɗaya ba, sai ya durƙusa ya rarrafa ta ƙarƙashin tebur ya fita ta wancan gefen, ana yi masa tafi da ihu. Ba mai riƙe sanda a Zongo da bai sha ƙurar ƙarƙashin teburin nan ba, har da ni. Amma akwai doka ta biyu, wadda kunya ce kawai ta kafa ta. In kana wasa da dattijo, ko ka fi shi nesa ba kusa ba, kafin ka gama sai ka tura ƙwallonsa ɗaya bakin rami, ka ajiye masa farin daidai saiti, ka ja da baya ka ɗora hannu a ƙirji. Ya jefa, kai kuma ka ƙarasa wasanka. Shi muke kira ƙwallon furfura. Ba ka rasa komai ba, shi kuma ya tashi da girmansa.

Kin tuna Karimou ɗan Aïssata mai waina, wanda Baba yake ɗorawa a kan akwatin lemo don hannunsa ya kai tebur? Wanda ya ci tuwon Inna har ta riƙa auna gari da shi? To ya dawo daga Maroko bayan shekarun nan, ya kama gida a Zogbo, yana yawo da sandarsa a cikin wani dogon akwati kamar mai ɗauke da bindiga. Ranar Juma'ar da ta wuce ya zo rumfa bayan an sauko daga masallaci. Baba ya yi murna, ya ce ɗansa ya dawo, ya ɗauko sanda da kansa don su taɓa.

Yaya, bai bar masa ƙwallon furfura ba. Ya share teburin tas, ya jefa baƙin, ya tsaya yana goge sandarsa. Da mutane suka fara salati sai ya ce doka doka ce, kuma ba shi ya kafa ta ba, ya ce shi ma sau nawa aka sa shi rarrafe a nan 'yan mata suna kallo. Dattawa suka riƙe Baba suka ce a bar maganar. Kin san Baba. Ya ce shekara da shekaru yana sa 'ya'yan mutane rarrafe, ba zai ce yau ban da shi ba. Ya tattare farar rigarsa ta Juma'a ya durƙusa, da gwiwoyin nan nasa da sai ya dafa bango yake tashi daga sujada.

Ni ina tashar jirgin ruwa a lokacin, ina fitar da motocin gwanjo. A wayar wani na gani, don an ɗauka an watsa. Na ga hular Baba ta faɗi a ƙarƙashin tebur, ya dawo da baya yana lalubenta.

Tun ranar bai sake zama a rumfa ba. Ya rufe teburin da tamfol, ta ƙofar baya yake fita masallaci. Ba ya maganar, mu ma ba ma yi.

Na sami Karimou har gida na ce ya zo mu yi ni da shi. Ya yi dariya ya ce ya daina wasan yara, in ina son sa in same shi a teburin sinuka. Wai a watan Agusta hukumar wasan za ta tace mutum ɗaya da zai wakilci Benin a gasar duniya ta masu yi don sha'awa, a can Maroko, kuma wai kujerar tasa ce tun yanzu. Ban taɓa ganin teburin sinuka da idona ba, amma na ba da sunana. Wallahi Yaya, sai na raba shi da kujerar nan, kuma sai ya ɗanɗana abin da Baba ya ɗanɗana. Kada ki rubuto ki ce in yi haƙuri, na riga na rantse.

Ki gaishe da Malam Ɗahiru, ki shafa mini kan yara.

Ƙanenki,
Sirajuddeen


Zongo, Kwatano
Watan Yuli

Yaya Hadiza,

Sallama da gaisuwa irin ta 'yan'uwa. Ina fata kuna lafiya, kuma zazzaɓin Zahida ya sauka. Saƙonki ya iso, albasar ta yi kyau ƙwarai, wa'azin da kika haɗo da ita kuma na karanta na ajiye. Ruwa ya yi mana yawa bana, unguwar Ladji duk ta nutse, mu ma sai da muka ɗaga tabarmi.

Kin tambaye ni menene bambancin wasan da na iya da wannan, tunda duk sanda ce da ƙwallo. Ni ma haka na ɗauka kafin in je. Akwai wani ɗan ƙasar Labanan mai suna Farid da yake da teburin sinuka a gidan cin abincinsa a Fidjrossè, kusa da bakin teku. Da na shiga na ga teburin sai da na tsaya ina kallon girmansa. Namu zai kwanta a cikinsa har a sami wurin shimfiɗa sallaya. Ƙwallayen ƙanana, ramukan matsattsu, in ka kuskure da kaurin gashi sai ramin ya tofo maka ƙwallonka. Ni da ake kira Sarkin Sanda daga Zongo har Zogbo, ranar farko na wuni ina bugu kamar wanda aka ɗaure wa ido.

Tsarin ma daban ne. A can ba naka ba nawa. Jajayen ƙwallaye ne da yawa, na kowa ne. In ka jefa ja ɗaya sai a ba ka dama ka jefa mai launi, baƙi ya fi kowanne maki, sai a fito da shi a mayar wurinsa, ka sake neman wani jan. Haka za ka yi ta yi ba mai karɓar tebur daga hannunka sai ka kuskure. Farid ya ce abin da ke kashe 'yan biliyar ke nan, mun saba ganin ƙwallo ɗaya a matsayin ƙwallo ɗaya. Kullum yana nanata mini cewa a sinuka jan da ka bari a bakin rami ƙofar gidanka ce ka bari a buɗe.

Mutumin kirki ne, ya bar ni ina yi da safe kafin baƙinsa su zo, amma bakinsa ba ya ɓoye gaskiya. Na tambaye shi ko ɗan biliyar yana da rabo a gasar duniya. Ya ce in ma na je Maroko, 'yan Masar da 'yan gida za su yi karin kumallo da ni, don su tun suna yara suke kan dogon tebur. Ya ce abin da nake da shi biyu ne: hannuna ba ya rawa, kuma na iya ɓoye farin a bayan wasu ƙwallaye yadda abokin wasa zai rasa ta inda zai ɓullo. Da wannan, in ji shi, zan iya cin wasa ɗaya ko biyu a can, in dawo da sunan ƙasata a rigata. Na ce masa ni ba 'yan Masar ne suka sa ubana rarrafe ba.

Amma ba zan ɓoye miki ba, Yaya, abin ya fara shiga raina. Ran nan na jefa ja da baƙi, ja da baƙi, har na manta da Karimou na ɗan lokaci. Na yi fasfo. Na ɗinka falmaran baƙa, don ba a shiga gasar sai da ita, da wani ɗan ƙulli da ake ɗaurawa a wuya wai shi papiyon. Inna ta gan ni a ciki ta yi dariya har da hawaye, ta ce na yi kama da masu raba abinci a otel. Wani lokacin a kan zemijan, babur ɗin haya, ina dawowa sai in ga kaina a jirgin sama, in ga Baba yana nuna ni a talabijin. Sai kuma in iso gida in ga tamfol ɗin nan a kan tebur, ruwa ya taru a tsakiyarsa, zuciyata ta dawo inda take.

Karimou yakan zo wurin Farid da yamma, ba ma haɗuwa. An ce yana gaya wa mutane wai sinuka wasan masu aji ne, ba a rarrafe a ciki, wai ƙazantar nan a Zongo aka bar ta. Ya fara neman hanyar gudu ke nan tun ba a kama shi ba.

Baba ya rame. Ya san inda nake zuwa da safe, bai tambaye ni ba, sai dai shekaranjiya na tarar da allin sandarsa a cikin aljihun rigata, kuma ba ni na sa shi ba.

A gaida kowa da kowa. Ki sa ni a addu'a, ko da ba ki yarda da abin da nake nema ba.

Naki,
Sirajo


Zongo, Kwatano
Ƙarshen Agusta

Yayata Hadiza,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarki da ta mutanen gida. Na san labari ya riga takardata isowa, kuma na san an yi masa ƙari, to ga shi daga bakin mai shi.

An yi tacewar a wurin Farid. Ba mu da yawa, masu sinuka a ƙasar nan ba su cika motar haya biyu ba. Na bi ta kan waɗanda aka haɗa ni da su da ƙyar da jiɓin goshi, shi kuma Karimou ya wuce nasa kamar yana shan ruwa. Muka haɗu a wasan ƙarshe. Rabin Zongo ta zo, mahauta da 'yan shanu da direbobi, har alƙalin wasa ya yi ta roƙo a yi shiru. Baba bai zo ba.

Wanda ya fara cin zagaye uku shi ke tafiya. Ya ci na farko da na biyu, yana yi yana murmushi. Daga nan na daina gasar jefawa da shi, na koma abin da na iya. Na riƙa ɓoye masa farin ina barin sa a nesa, yana bugu yana kuskure, maki yana zubowa wurina. Murmushin ya ɗauke. Na ci na uku, na ci na huɗu.

A zagaye na biyar Allah ya ba ni hannu. Na yi masa nisa sosai, shi kuwa ko ƙwallo ɗaya bai jefa ba. Saura kaɗan in kai inda ba zai iya kamo ni ba ko da ya share duk abin da ya rage. Mutanenmu sun fara raɗa suna nuna ƙarƙashin tebur. Sai na ɗaga kai na dube shi. Yana zaune a kujerarsa ya ɗora ƙafa kan ƙafa, yana kurɓar ruwa. Nan na gane cewa ko na cinye shi babu ko ɗaya, ba zai durƙusa ba. Zai tashi ya ba ni hannu, ya gyara falmaransa, ya fita a tsaye, gobe ya ce sa'a na yi. Ni in tafi Maroko, shi kuma gwiwarsa ba ta taɓa ƙasa ba. Sai hular Baba ta faɗo mini a rai.

Akwai wani ja da zan iya jefawa ido rufe. Ban jefa shi ba. Na tura shi a hankali har ya tsaya a leɓen rami, farin ya biyo ya tsaya daidai saiti. Na ja da baya, na ɗora hannu a ƙirji, na ɗan rusuna masa.

Yaya, da kin ji ɗakin nan. Alƙali da Farid da sauran baƙi ba su gane komai ba, sun ɗauka kuskure na yi. Amma duk ɗan Zongo ya gane. Na bai wa saurayi mai jini a jika, gwanin Maroko, ƙwallon da ake bai wa tsofaffin da ido ya gaza. Ihu ya tashi, wani yana cewa a kawo wa tsoho Karimou sandar dogarawa, wani yana cewa a taimaka masa ya tashi. Na ga wuyansa ya kumbura. Ya daɗe a tsaye a kan ƙwallon nan. In ya ƙi shi ya rasa tafiya, in ya karɓa ya karɓi sadakar tsofaffi a gaban unguwar da ta raine shi. Ya sunkuya ya karɓa.

Sauran kin riga kin ji. Daga jan nan ya sami baƙi, daga baƙi ya sami wani jan, bai sake ba ni tebur ba har ya share shi. Ina zaune ina kallon nisan da na yi masa yana narkewa. Ya wuce ni a ƙwallon ƙarshe. Farid ya kama kai, daga baya ya ce mini tunda yake bai taɓa ganin mutum ya jefar da tikitin jirgi da hannunsa haka ba. Gaskiyarsa. Kaina ya san dokar sinuka, amma hannun da ya tura ƙwallon nan hannun rumfar Baba ne, inda kyautar ƙwallo ɗaya ba ta cin mutum wasa.

Kada ki ɗauka ina kuka. Na ji zafin tafiyar, ba zan yi ƙarya ba, falmaran ɗin ma na cusa ta ƙasan akwati don kada in riƙa ganinta. Amma Karimou ya ci wasa ya fita ta ƙofar kicin. Ba wanda ya tafa masa. Yanzu daga kasuwar shanu har bakin masallaci sunansa Tsoho Karimou, jiya ma an ce ya tarar da sandar dogarawa a jingine a jikin motarsa. Ko mahaifiyarsa ya zo gani sai ya aiko a kira ta bakin titi. Zai je Maroko, amma da ƙwallon da na ba shi sadaka zai je, kuma ya sani. Rabon da in yi barci mai daɗi irin na kwanakin nan tun watan Mayu.

An kai wa Baba labari. Yau da safe na ga ya yaye tamfol yana goge teburin. Kin ga amfanin abin da kika ce in bari.

Gaisuwa ga Malam Ɗahiru da yara.

Ƙanenki,
Sirajuddeen


Zongo, Kwatano
Watan Satumba

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Ki yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa, Nouhou yana jira zai tashi.

Ranar Juma'a bayan masallaci Baba ya fito rumfa da sandarsa, karo na farko tun abin nan. Kafin ka ce me wuri ya cika, kowa yana yi masa barka da fitowa. Ya dubi jama'a, ya nuna ni, ya ce ni zan taɓa da shi. Na ji daɗin da ban taɓa ji ba, na ce a raina yau aikina ya biya.

Muka fara. Idonsa ya ƙara rauni, hannun ma ya yi sanyi saboda daɗewa bai riƙe sanda ba, ya yi ta bugu ba ya samu. Na jefa nawa har ya rage mini baƙin kaɗai. Sai na yi abin da nake yi masa tun ranar da na fara fin sa. Na tura ƙwallonsa bakin rami, na ajiye masa farin, na ja da baya na ɗora hannu a ƙirji.

Wani daga baya ya yi 'yar dariya ya ce ga ƙwallon Karimou. Ba da mugunta ya faɗa ba, bakinsa ne ya saba a kwanakin nan. Wasu suka taya shi kafin su tuna wanda ke tsaye a gaban tebur.

Baba ya daɗe yana kallon ƙwallon. Sannan ya sunkuya ya buge shi gefe, ya kore shi daga bakin ramin da gangan. Ya miƙe ya ce, a gaban kowa, wannan ƙwallo tun yana saurayi na girmamawa ne, ya ba iyayensa, 'ya'yansa sun ba shi. Ya ce Karimou hana shi kawai ya yi, ƙwallon yana nan da darajarsa. Ni ne na ɗauke shi na zagi mutum da shi, yanzu ba dattijon da zai sake karɓarsa a Zongo bai ji ana dariya a bayansa ba. Ya ce in ƙarasa wasana, kuma in na kuskure da gangan ba zai sake sa hannu a kwano ɗaya da ni ba.

Baƙin yana kusa da rami, ko Zahida za ta jefa shi. Na duba fuskokin dattawa ko wani zai sa baki, kowa ya sunkuyar da kai. Na jefa.

Baba ya cire hularsa ya miƙo mini in riƙe masa. Ya tattare riga ya durƙusa. Ba wanda ya yi tafi, ba wanda ya ɗaga waya, ana jin numfashinsa yana tafiya a ƙarƙashin teburin. Na zagaya wancan gefen na miƙa masa hannu, ya kama ƙafar tebur ya tashi da kansa.

Wata huɗu ina rantsuwa sai na sa Karimou rarrafe, Yaya. Karimou jirginsa ranar Alhamis zai tashi. Wanda na sa rarrafe ubana ne.

Baba yana fita rumfa yanzu kullum, yana zama yana kallon matasa, amma sandarsa tana rataye a ɗaki. Muna cin abinci tare kamar yadda ya yi alkawari. Gwiwarsa ta hagu ta kumbura, a zaune yake sallah tun ranar. Don Allah in Nouhou zai dawo ki ba shi man shafawar nan na wajenku da Baba ya ce yana jin daɗinsa, ki ce daga gare ki ne. In na ce ni na nema ba zai shafa ba.

Ki gaishe da Malam Ɗahiru da Labiba da Zahida. Inna tana gaishe ki, ta ce ko za ki samu ki zo.

Ƙanenki,
Sirajo